Saba ko kwamfutar tebur? Abin da mai sa hannu kan kwangilar Lafiya ya kamata ya sani

Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, da Lafiya ta zama babban birnin sabuwar Jihar Nasarawa, hukumomin Gwamnatin Tarayya suke ta buɗe rassa a garin ɗaya bayan ɗaya. Akwai ofishin hukumar zaɓe ta INEC, da na hukumar katin ɗan ƙasa NIMC, da na JAMB, da reshen Babban Bankin Najeriya. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya da ke Lafiya, daga baya kuma gwamnatin jihar ta miƙa Asibitin Ƙwararru na Dalhatu Araf domin ya zama asibitin koyarwa na jami'ar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana riƙe da amanar jama'a a rubuce: sakamakon ɗalibi, fayil ɗin majinyaci, rajistar mai zaɓe, lissafin kuɗin shiga. A da, kabad ɗin ƙarfe da masinja ne ke ɗauke da wannan amana. Yau ta koma cikin wani akwati da ke ruri a ƙuryar ɗaki, wanda yawancin ma'aikatan ginin ba su taɓa sa shi a ido ba.

Kafin irin wannan akwati ya isa Lafiya, takardarsa takan ratsa tebura da dama, kuma da yawansu a Abuja suke. A ɗauka cewa 'yan kwangila biyu sun kawo farashi a kan layi ɗaya na kasafi, layin da aka rubuta “saba guda ɗaya”. Na farko ya kawo na'ura mai furosesa Core i9-14900K na kamfanin Intel, wanda gudunsa ke kaiwa gigahaz 6. Na biyu ya kawo na'ura mai furosesa Xeon ko EPYC, wanda gudunsa a takarda bai wuce gigahaz biyu da 'yan kai ba, amma kuɗinsa ya ninka na farkon sau da yawa. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta karkata ga mafi ƙarancin farashi daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Jami'in da ya ga lamba mafi girma a kan kuɗi mafi ƙanƙanta ba zai ga dalilin yin jinkiri ba, kuma hadimin da zai rubuta wa maigidansa taƙaitaccen bayani zai ce an yi wa gwamnati tattali.

Wani lokaci haka ɗin ne. Wani lokaci kuma an sayo kwamfutar wasa ce aka ɗora mata amanar mutum dubu ashirin. Abin da ke raba biyun yana cikin furosesa, wato guntun ƙarfen nan da bai kai tafin hannu ba wanda ke yi wa kwamfuta lissafi, da kuma abubuwan da aka gina a kewayensa.

Kalmar “saba” ta shiga bakin 'yan Najeriya sosai ne a shari'ar zaɓen shugaban ƙasa na 2019, lokacin da aka yi ta muhawara a kan ko INEC ta tattara sakamako a cikin wata na'ura ko ba ta tattara ba. Wasu masu fassara suna kiranta uwar garke. Asalin ma'anarta aiki ne: duk kwamfutar da wasu kwamfutoci ke zuwa wurinta neman bayani, ta zama saba, ko da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ce. A nan ruɗanin yake farawa, domin ɗan kwangilar da ya kawo kwamfutar tebur ya kira ta saba bai yi ƙarya ba a lafazi.

Zamanin da katangar ba ta da tsawo

Masu cewa bambancin dabarar 'yan kasuwa ce kawai suna da hujja a tarihi. A 1995 Intel ya fitar da Pentium Pro, wanda ake iya jera guda huɗu a kan babban allo ɗaya su yi aiki tare. A 1998 ya ƙirƙiro sunan Xeon domin irin wannan kasuwa, ya kuma sa masa farashin manyan kamfanoni. Shekara ɗaya bayan haka wani kamfanin Taiwan mai suna Abit ya fitar da allon BP6, wanda ke ɗaukar Celeron guda biyu, alhali Celeron shi ne furosesan talaka a jerin kayan Intel. Ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi suka samu kwamfuta mai furosesa biyu a kan kuɗi kaɗan. Intel bai ji daɗi ba, kuma a Celeron ɗin da suka biyo baya ya toshe wannan ƙofa. Haka aka yi da AMD a 2001: Athlon MP na na'urori masu furosesa biyu ne, Athlon XP na tebur, amma masu ƙwaƙƙwafi suka gano cewa haɗa wasu 'yan ɗigogi biyu a jikin XP da fenti mai ɗaukar lantarki yakan sa allo ya karɓe shi a matsayin MP.

A wancan zamani, ke nan, kusan abu ɗaya ake sayarwa da suna biyu. Lamarin ya sauya a 2003 da AMD ya fitar da Opteron. Kafin shi, duk furosesoshin da ke kan allo layi ɗaya suke bi zuwa ram, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take kai. Opteron ya ba kowane furosesa ram ɗinsa, ya kuma shimfiɗa hanyoyi na musamman tsakanin furosesa da ɗan'uwansa. Intel ya bi sahu da hanyar da ya kira QPI, wadda ta shiga Xeon a 2009, sannan UPI a 2017. Daga nan bambancin ya tashi daga takardar farashi ya shiga cikin ƙarfen kansa. Furosesan tebur na yau, Core ne ko Ryzen, ba shi da waɗannan hanyoyi sam. Babu fentin da zai sa guda biyu su zauna a kan allo ɗaya.

Akawu biyu, fayil ɗaya

Dalilin da ya sa hanyoyin suke da muhimmanci ba zai ba ma'aikacin gwamnati wahalar ganewa ba. Kowane furosesa yana da 'yar ƙaramar ma'ajiya a jikinsa inda yake ajiye kwafin bayanan da yake yawan taɓawa. Idan akawu biyu suka ɗauki kwafin fayil ɗaya, ɗaya ya gyara adadi a nasa bai sanar da ɗayan ba, ofis ya shiga rikici. Furosesa biyu da ke aiki a kan rumbun bayanai ɗaya dole su riƙa sanar da juna duk gyaran da suka yi, sau miliyoyi a cikin daƙiƙa guda. Hanyoyin UPI na Intel da Infinity Fabric na AMD su ne masinjojin da ke wannan zirga-zirga. Manyan Xeon suna iya zama har guda takwas a na'ura ɗaya, EPYC kuma guda biyu.

Akwai abin da 'yan kasuwa ba su cika faɗa ba. Tunda kowane furosesa yana da ram ɗinsa, idan bayanin da yake nema yana wajen maƙwabcinsa, sai ya aika a ɗauko, kuma aiken yana cin lokaci. Masana suna kiran wannan tsari NUMA. Manhajar da aka rubuta da sanin haka takan ajiye kowane aiki kusa da bayanansa. Wadda ba a rubuta da sanin haka ba tana iya ɓata rabin ƙarfinta wajen kai da kawowa. Saboda haka furosesa biyu ba sa ba da ninki biyu na aiki, kuma akwai manhajojin ofis da ba za su ma san an ƙara na biyun ba.

Shi ma tsarin Windows yana da nasa shinge. Windows 11 Home furosesa ɗaya kawai yake gani, Pro kuma biyu. Wanda ya sayi na'ura mai mazauni biyu ya ɗora mata Home ya biya kuɗin furosesan da zai zauna yana shan wuta ba ya aikin komai.

Abin da gigahaz ba ya faɗa

Core i9-14900K, wanda ya fito a Oktoban 2023 a kan dala 589, yana da zukata 24, wato ƙananan injinan lissafi 24 a cikin guntu ɗaya. Hanyoyinsa zuwa ram biyu ne, kuma iyakar abin da yake ɗauka gigabait 192. EPYC 9654 na AMD, wanda ya fito a Nuwamban 2022 a kan dala 11,805, yana da zukata 96, hanyoyin ram 12, kuma yana iya ɗaukar terabait shida. Layukan da yake haɗa faifan ajiya da katin sadarwa da su 128 ne, na Core i9 kuwa 20. Amma gudunsa na yau da kullum gigahaz 2.4 ne, iyakarsa 3.7.

An rage gudun ne da gangan. Zafin da furosesa ke fitarwa yana hauhawa fiye da yadda gudunsa ke ƙaruwa, don haka zukata 96 ba za su yi gudun da 24 ke yi ba tare da sun ƙone ba. Ɗan acaɓa zai riga tirela isa Akwanga daga Lafiya, amma ba shi ake ba buhun doya ɗari biyu ba. Ga ma'aikaci ɗaya da ke zana taswira ko haɗa bidiyo, furosesan tebur ya fi sauri, kuma saya masa Xeon ɓarnar kuɗi ce. Ga shafin rajistar ɗalibai a makon ƙarshe kafin a rufe, inda dubbai ke ƙwanƙwasa ƙofa a lokaci guda, abin da ake buƙata shi ne yawan zukata da faɗin hanyar zuwa ram.

Kuskuren da ba ya ƙara

Bambancin da ya fi kowanne nauyi ga hukumar gwamnati shi ne wanda ba a gani a talla. Duk abin da ke cikin ram jerin sifili da ɗaya ne, kowanne ana kiransa bit. Lokaci zuwa lokaci bit ɗaya yakan juye da kansa, saboda tsufan ƙarfe, ko lahani daga masana'anta, ko ƙwayoyin haske masu ƙarfi da ke saukowa daga sararin samaniya. Kwamfutar tebur ta gama-gari ba ta da hanyar sanin hakan ya faru. Idan an yi sa'a, sai ta daskare a sake kunna ta. Idan ba a yi sa'a ba, sai ta ci gaba da aiki lafiya lau, ta rubuta adadin da ya gurɓace a cikin rumbu, a kwafe shi zuwa ajiyar ko-ta-kwana, ya zama shi ne gaskiya a hukumance.

Misali ɗaya ya isa. Albashin naira 150,000, idan aka rubuta shi da sifili da ɗaya, babban bit ɗinsa yana wakiltar 131,072. Idan wannan ɗigo ɗaya ya juye, albashin ya koma naira 18,928. Mai albashin zai yi ƙorafi a gyara. Maki a takardar ɗalibin da ya kammala shekara biyar da suka wuce, ko adadin maganin da aka rubuta wa majinyaci, ba lallai a samu mai lura ba.

Abin ya taɓa faruwa a zaɓe. A babban zaɓen Beljiyam na 18 ga Mayu, 2003, wata 'yar takara a gundumar Schaerbeek da ke birnin Brussels ta samu ƙarin ƙuri'u 4,096 da babu wanda ya kaɗa mata. An gano ne kawai saboda ƙuri'unta sun zarce abin da lissafi zai yarda da shi. Adadin 4,096 daidai yake da darajar bit ɗaya, na 13 a jere, kuma kwamitin ƙwararrun da ya bincika ya karkata ga cewa bit ne ya juye da kansa a cikin na'urar.

Ba kuma abu ne da ke faruwa sau ɗaya a ƙarni ba. A 2009 Bianca Schroeder ta Jami'ar Toronto, tare da injiniyoyin Google biyu, Eduardo Pinheiro da Wolf-Dietrich Weber, sun wallafa binciken da suka yi na shekara biyu da rabi a kan na'urorin kamfanin. Sun samu cewa fiye da kashi 8 cikin 100 na sandunan ram suna yin kuskure a cikin shekara, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku na na'urorin suna gamuwa da aƙalla kuskure ɗaya a shekara. Google ya iya ƙirga su ne domin na'urorinsa suna amfani da ram mai ECC.

ECC ƙarin bit ne da ake ajiyewa a gefen bayanin domin tantance shi. A ram ɗin DDR4, takwas a kan kowane 64. Idan bit ɗaya ya juye, furosesa zai gyara shi nan take ya rubuta a kundinsa cewa sanda kaza ta yi kuskure. Idan biyu ne, zai gane ya tsayar da aikin maimakon ya wuce da ƙarya. Duk Xeon da EPYC na saba an gina su a kan wannan. A ɓangaren tebur kuwa lamarin a cakuɗe yake: Ryzen da yawa suna karɓar ECC idan allon ya yarda, wasu Core na baya-bayan nan ma suna karɓa idan an haɗa su da allo mai W680, amma kwamfutar da aka harhaɗa a kasuwa da allon 'yan wasa kusan kullum ba ta da shi. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya caccaki Intel a farkon 2021 a kan shekarun da ya shafe yana hana masu kwamfutar tebur wannan kariya. Akwai kuma tarko sabo: kowace sandar DDR5 tana da wani ɗan gyaran kuskure na cikin gida, kuma wasu masu sayarwa suna kiransa ECC. Kama da wane ba wane ba ne. Wannan ba ya kare bayanin a kan hanyarsa zuwa furosesa, ba ya kuma kai rahoto.

Batun juriya ma ya fito fili a 2024. A watan Yuli Intel ya amince cewa wasu furosesoshinsa na tebur, zuriya ta 13 da ta 14, suna neman wutar da ta wuce kima har ta lalata su sannu a hankali, daga baya kuma ya ƙara shekara biyu a kan garantinsu. Daga cikin waɗanda suka fara kokawa akwai kamfanonin wasannin intanet da suka mayar da irin waɗannan furosesoshi saba, suna aiki dare da rana.

Tsakanin Abuja da Lafiya

Tafiya daga Abuja zuwa Lafiya ta Keffi da Akwanga takan ci kusan sa'a uku. Hukumomi da yawa injiniyoyinsu suna hedikwata, reshe kuma yana da jami'i ɗaya ko biyu. Saba ta gaskiya tana zuwa da wata 'yar ƙaramar kwamfuta a cikinta mai zaman kanta, wadda Dell ke kira iDRAC, HP kuma iLO. Ko babbar na'urar ta daskare, injiniya a Abuja zai iya shiga ta nan ya ga zafinta, ya ga wace fanka ce ta tsaya, ya kashe ta ya kunna. Tana kuma da ma'ajin wuta biyu, ta yadda ɗaya zai iya ƙonewa a zare shi a sa sabo ba tare da an kashe ta ba, haka ma faifan ajiya. Kwamfutar tebur idan ta tsaya ranar Juma'a da yamma, sai mai makullin ɗakin ya dawo ranar Litinin, ko kuma a cika takardar alawus ɗin tafiya.

Cibiyoyin jarrabawar kwamfuta sun fi kowane wuri nuna nauyin da ke kan na'ura ɗaya. JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015, kuma ƙa'idarta ita ce cibiya ta zaunar da ɗalibai 250 a zama ɗaya, a Lafiya ne ko a Legas. Duk kwamfutocin zauren wuri ɗaya suke karɓar tambaya, wuri ɗaya suke mayar da amsa. Jami'o'i da kwalejojin da ke shirya nasu jarrabawar ta kwamfuta su ma haka tsarin yake. Ko lasisin Windows na tebur bai yarda na'urori fiye da 20 su haɗu da shi domin raba fayil ba.

Sai dai a nan ma akwai darasin da ya saɓa wa masu sayar da ƙarfe. A ranar 14 ga Mayu, 2025, shugaban JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya bayyana a bainar jama'a cewa an samu kuskure a sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Bayanin hukumar ya nuna cewa wani gyaran manhaja ne bai isa wasu sabobin ba. Babu furosesan da zai hana irin wannan, komai tsadarsa. Ƙarfe mai kyau yana rufe ƙofa ɗaya ce daga cikin ƙofofin da kuskure ke shigowa.

Ɗaya ɓarnar

Tsoron araha yakan jefa jami'i cikin kishiyarta, wato ya rubuta na'ura mafi girma da ke cikin kundin kamfani domin kada a zarge shi. Wannan ɓarnar ta fi wuyar ganewa, domin kayan na gaske ne kuma odita zai same su a inda aka ce suna.

Kuɗin farko da ke biyo baya shi ne lasisi. Tun daga Windows Server 2016, Microsoft yana ƙirga zukata ne, kuma mafi ƙarancin lasisi na zukata 16 ne. Na'ura mai furosesa biyu, kowanne da zukata 32, tana buƙatar lasisin 64, ninki huɗu ke nan, ko da aikin da take yi zukata takwas za su ɗauke shi. Manhajojin rumbun bayanai irin su SQL Server da Oracle su ma suna da tsarin biya a kan zukata, kuma nan kuɗin yakan zarce na na'urar kanta. Ba kasafai ake sa wannan a kasafin farko ba, abin da kan biyo baya kuma shi ne manhajar sata a kan na'urar gwamnati.

Na biyu wuta ce. Na'urar da ke jan wat 500 dare da rana tana cin kilowat-awa 4,380 a shekara. A kan farashin naira 225 da aka sanar wa rukunin A a Afrilun 2024, kuɗin ya kai naira 985,500, kafin a yi maganar sanyaya ɗaki da man janareta. Tashar wuta mai ƙarfin kilobolt 330 da aka ƙaddamar a Akurba a 2022 ta sauƙaƙa wa Lafiya, amma babu mai barin saba a kan wutar layi kaɗai. Sai da UPS da batura, kuma girman baturan yana bin girman na'urar. Duk wat ɗin da ta sha kuma zafi yake komawa. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar digiri 18 zuwa 27 ga iskar da ke shiga irin waɗannan na'urori, alhali a Lafiya zafin rana yakan haura digiri 35 a watan Maris, bayan ƙurar hunturu ta gama cika matatun iska. Babbar saba a ɗakin da na'urar sanyayawarsa ke mutuwa da tashin ma'aikata za ta rage gudunta da kanta domin ta tsira, a ƙarshe ta yi aikin da bai kai na kwamfutar tebur ba.

Akwai kuma kasuwar kayan Tokunbo, daga Computer Village da ke Ikeja zuwa Banex Plaza a Wuse. Na'urori masu Xeon E5 guda biyu, 'yan 2014 da 2016, irin su Dell R730, suna nan da araha, kuma sabobi ne na gaske masu ECC. Ga ɗakin gwajin ɗaliban kimiyyar kwamfuta, ciniki ne mai kyau. Ga bayanan majinyata, akwai abin dubawa: sun riga sun yi shekarun aikinsu a wata ƙasa, ba su da garanti, kuma tun bayan ɓullar raunin Spectre da Meltdown a Janairun 2018 aka fahimci cewa furosesa ma yana buƙatar gyaran tsaro daga kamfaninsa, gyaran da ke tsayawa idan ya tsufa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ba ta karɓar araha a matsayin uzuri.

Abin da ya sauya lissafin gaba ɗaya shi ne yawan zukatan da ke cikin furosesa ɗaya a yau. EPYC na farko a 2017 yana da 32. Na Oktoban 2024 ya kai 192. Aikin da a 2010 sai da furosesa huɗu, yau ɗaya ya ishe shi har da saura. AMD yana sayar da wasu EPYC masu harafin P a ƙarshen lambarsu, waɗanda mazauni ɗaya kawai suke aiki, a kan farashi mai sauƙi. A ƙasa da su akwai Xeon E na Intel da EPYC 4004 da AMD ya fitar a Mayun 2024, waɗanda a ƙira 'yan'uwan furosesan tebur ne, amma da ECC da garantin aikin saba. Reshen hukuma mai ma'aikata hamsin zuwa ɗari da wuya ya buƙaci abin da ya wuce wannan aji. Kuɗin furosesa na biyu ya fi amfani idan aka sayi ƙaramar saba ta biyu da shi, aka ajiye ta a wani ginin, domin furosesa biyu a akwati ɗaya tare suke mutuwa idan allon ya ƙone.

Wata hanyar ita ce kada a sayi komai. Galaxy Backbone, kamfanin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2006, yana da cibiyar adana bayanai a Abuja da wata a Kano da aka buɗe a 2023, kuma manufar da NITDA ta fitar a 2019 ta ce hukumomi su fara duba hayar wuri a irin waɗannan cibiyoyi kafin su sayi nasu. Ga shafin intanet da saƙon imel, hujjar tana da ƙarfi. Ga zauren jarrabawa ko ɗakin karɓar majinyata, inda yankewar wayar intanet a kan hanyar Akwanga ke nufin aiki ya tsaya, dole wani abu ya zauna a Lafiya.

Layi huɗu a takarda

Tunda ƙa'idar saye ba ta son a ɗaure kwangila da sunan kamfani ɗaya, abin da ke kare hukuma shi ne siffanta aikin. Takardar da ta faɗi adadin mutanen da za su shiga a lokaci guda, ta ce ram ya zama mai ECC da furosesa ke kai rahotonsa, ta nemi ma'ajin wuta biyu da hanyar kula daga nesa, ta kuma bukaci a haɗa kuɗin lasisi da garantin shekara uku a cikin farashi, ta riga ta fitar da kwamfutar wasa daga takara ba tare da ta ambaci Xeon ko EPYC ba. Ta kuma tilasta wa mai kawo furosesa biyu ya nuna dalilin na biyun. NITDA, wadda ke tantance ayyukan fasahar sadarwa na hukumomin tarayya, tana iya tambayar waɗannan, amma ba ita za ta buɗe kwali a Lafiya ba.

Jami'in sito da mai binciken kuɗi ne za su buɗe shi, kuma tantancewar ba ta buƙatar digiri. Shafin Task Manager na Windows yana nuna sunan furosesa, da adadin mazaunai, da adadin zukata. Sandar ram kuma tana ɗauke da shaidarta a jikin takardar da aka manna mata: bayan lambar gudun, misali PC4-2666V, harafin da ke biye R ne ko E idan ta saba ce, U kuma idan ta tebur ce. A sandar DDR4 ana iya ƙirga baƙaƙen guntayen da ke jere a kanta da yatsa. Ta tebur yawanci takwas ne ko 16, mai ECC kuma tara, 18 ko 36.